“Mu taryi Ubangiji a sararin sama”: to daga nan sai ina?

Yakubu:
Salama gare ku iyaye da 'yan'uwa. Don Allah ina da tambaya a kan 1 Tasalonikawa 4:17, wurin da aka ce za a ɗauke mu cikin gajimare mu taryi Ubangiji a sararin sama. Wani bidiyo na gani mai wa'azin yana cewa wai kalmar da Bulus ya rubuta da Helenanci, apantesis, ba haɗuwa ce kawai ba, wai ma'anarta mutanen gari su fita su taro babban baƙo su rako shi cikin gari, saboda haka wai ba sama za mu wuce ba, ƙasa za mu dawo tare da Yesu nan take. Mu kuma tun muna makarantar Lahadi abin da muka sani shi ne fyaucewa, a tafi da mu shekara bakwai kafin a dawo. To wanne ne? Masu Helenanci a gidan nan ku taimaka.

Haruna:
Mai bidiyon nan gaskiya ya faɗa, ba ma sai ka je makaranta ba. Buɗe Ayyukan Manzanni 28:15. Bulus ya sauka daga jirgin ruwa a Futiyoli, ya yi kwana bakwai, ya kama hanyar Roma. 'Yan'uwa na Roma suka ji labari suka fito taryensa, wasu har Kasuwar Afiyus wajen kilomita 65 daga birni, wasu suka tsaya a Masauki Uku kamar kilomita 50. Kalmar da Luka ya sa a wurin ita ce dai apantesis. To da suka haɗu ina suka nufa? Bulus ya kwashe su ya koma da su Malta ne? A'a, aya ta 16 ta ce suka shiga Roma. Masu taryen ne suka juya, baƙo bai juya ba. Shikenan magana ta ƙare.

Fasto Ishaya:
Ɗan'uwa Haruna, magana ba ta ƙare ba, yanzu ma aka fara. Bulus ɗan sarƙa ne a lokacin, soja na tsaronsa, ƙara ya ɗaukaka zuwa gaban Kaisar, tun babi na 25 kowa ya san Roma za shi. Ko ba wanda ya fito taryensa Roma zai shiga. Labarin ne ya gaya maka inda suka nufa, ba kalmar ba. A Tasalonikawa kuwa nuna mini ayar da ta ce “sa'an nan suka sauko ƙasa”. Babu. Abin da aka rubuta shi ne za mu kasance tare da Ubangiji har abada. Ubangiji kuma da bakinsa a Yahaya 14:2-3 ya ce zai je ya shirya mana wuri, ya dawo ya ɗauke mu zuwa wurinsa. Gidan Uba a ina yake, a ƙasa?

Haruna:
To Baba ai ku ma nuna mana ayar da ta ce “sa'an nan suka juya suka koma sama shekara bakwai”

Fasto Ishaya:
Zan zo kan wannan, bari in gama abin da nake yi tukuna.

Mama Saratu:
Ni ban yi Helenanci ba amma Hausa dai na iya. Littafina tsoho ne, “mu taryi” ya ce, na jikata kuma na waya “mu sadu da” ya ce. Ai ba ɗaya ba ne. Da aka turo mana sabon fasto a ƙauyenmu mu zumuntar mata mun fita har bakin kwalta da ganga da waƙa, muka taro shi muka sa shi a gaba har gidan fasto. Wannan ita ce tarya. Wanda ka ci karo da shi a kasuwa ba ka ce ka tare shi ba sai dai in bashi kake binsa 😂

Rahila:
😂😂 Mama kin gama da mu. Amma fa Mama ai ana iya zuwa bakin kwalta a tari mutum a shiga motarsa a wuce da ke wani gari

Mama Saratu:
To wannan kuma ai rakiya ce 'yata

Malam Dauda:
Salama. Na ga an kira sunan masu Helenanci, bari in sa baki, ku yi haƙuri zai yi tsawo.

Da farko adadi. Sunan nan apantesis sau uku ya fito a Sabon Alkawari a bugun Helenanci da ake karantarwa da shi yanzu: Matiyu 25:6, Ayyukan Manzanni 28:15, da ayarmu. Duk ukun a siga ɗaya suke, eis apantesin, wato “don tarya”. A rubutun da aka yi tsofaffin fassarori da shi akwai na huɗu a Matiyu 25:1, amma tsofaffin kwafe a wurin hupantesis suke da ita, 'yar'uwarta ce, saiwarsu ɗaya, akwai kuma ta uku sunantesis. Marubuta na musanya su ba tare da wani bambanci mai yawa ba, shi ya sa ma masu kwafa da hannu suke sa wannan a madadin waccan.

Maganar cewa kalmar ta sarauta ce ba mai bidiyo ya ƙirƙiro ta ba. Wani masani Bajamushe, Erik Peterson, shi ya tattara hujjojin a 1930 daga rubuce-rubucen kan dutse da takardun da aka tono, ya nuna cewa a biranen Helenawa in sarki ko gwamna zai kawo ziyara akan yi shela, manyan gari da firistoci da samari da mata su fita bayan ganuwa da fararen kaya da kambin ganye, su yi masa kirari su shigo da shi. Ita ziyarar sunanta parousia, wadda kuwa ita ce kalmar da Bulus ya sa a aya ta 15 don zuwan Ubangiji, fitar taryen kuma apantesis. Har Cicero, marubucin Roma wanda da Latin yake rubutu, a wasiƙarsa ta shekara ta 49 kafin haihuwar Almasihu da yake ba abokinsa Atticus labarin yadda garuruwan Italiya ke fitowa tarbar Yuliyas Kaisar, sai ya ajiye Latin ya ɗauko kalmar nan ta Helenanci. Kenan mutane sun san ta da wannan aikin. Tasalonika kuwa babban birnin lardin Makidoniya ce, tana kan babbar hanyar Egnatia, manyan Roma na wucewa ta nan, irin wannan biki ba baƙonsu ba ne. Ku tuna kuma ƙarar da aka kai su Yason a Ayyukan Manzanni 17:7, wai suna cewa akwai wani sarki dabam, Yesu.

Wannan gefen Haruna kenan. Yanzu gefen Fasto. Kalmar ba kullum take ɗauke da wannan hoton ba, kalma ce ta yau da kullum. A Septuagint, wato Tsohon Alkawari da Yahudawa suka juya zuwa Helenanci a Iskandariya, ta fito da yawa, tana fassara liqrat na Ibrananci. 1 Sama'ila 4:1, Isra'ila suka fita eis apantesin na Filistiyawa, yaƙi suka je, ba rako su gida za su yi ba. 1 Sama'ila 13:10 Saul ya fita taryen Sama'ila ya gaishe shi, ya sha faɗa, Sama'ila ya tashi ya yi tafiyarsa. A Matiyu 8:34, da 'yar'uwar kalmar, duk gari sun fito taryen Yesu bayan aladu sun faɗa ruwa, me suka ce masa? Ya bar musu ƙasa. Fi'ilin kuma shi ne a Markus 14:13, mutum ɗauke da tulun ruwa zai gamu da ku, da Luka 17:12, kutare goma. Ba sarki ba ganuwa.

Saboda haka abin da kalmar ita kaɗai za ta ba ka shi ne: wani na tahowa, kai kuma ka fita ka same shi a hanya. Inda aka nufa bayan nan labari ne ke faɗa.

Haruna:
Malam kai ma dai ka raba gardama ne kawai don kar Baba Fasto ya ji haushi

Malam Dauda:
A'a Haruna ban gama ba, kuma ina da inda na tsaya. Ni a ganina hoton tarbar sarki yana cikin ayar, ba don kalma ɗaya ba, don tarin abubuwan da ke kewaye da ita: parousia, kiran umarni, muryar babban mala'ika, ƙaho, sannan Ubangiji ne aka ce zai sauko, ba a ce zai juya ba. Abin da na ƙi shi ne a ce “ƙamus ya ce, shikenan”. Ƙamus bai ce ba.

Rahila:
Malam tambaya. 'Yan matan nan goma na Matiyu 25 fa? An yi kira da tsakar dare ga ango nan ku fito ku tarye shi, suka fita, aya ta 10 ta ce waɗanda suka shirya suka shiga wurin biki tare da shi aka rufe ƙofa. Gidan wa aka shiga? In gidan amarya ne inda suke jira to sun juyo da shi kenan, in kuma gidan uban ango ne to shi ya tafi da su, kuma wannan ai ya yi daidai da Yahaya 14 da Baba ya kawo

Malam Dauda:
Tambaya mai kyau, kuma Matiyu bai faɗa ba. Wasu tsofaffin kwafe da fassarar Latin ta Jerome sun ƙara “da amarya” a aya ta 1, wato sun fita taryen ango da amarya, wanda ke nuna masu kwafar sun ɗauka ango ya ɗauko amaryarsa yana kawo ta gidansa, 'yan matan kuma a can gidan angon suke jira. In haka ne ma dai su ne suka juya. Amma ƙari ne, ba a gina koyarwa a kansa. Wanda ya fi fitowa fili shi ne Yahaya 12:13, taro suka ɗauki rassan dabino suka fita daga Urushalima taryensa, suna kiransa Sarkin Isra'ila, suka shigo da shi. Nan babu gardama, tarbar sarki ce cikakkiya.

Fasto Ishaya:
Na dawo. Malam Dauda na gode da ka yi adalci. Ga abin da nake so matasan nan su lura. A tarbar sarki da ka bayyana, mutanen gari su ke shiryawa, su yi ado, su fita da ƙafarsu. A ayarmu wa ya fita da ƙafarsa? Ba kowa. Fyauce mu za a yi, harpazo, kalmar da aka sa wa Filibus da Ruhu ya ɗauke shi a Ayyukan Manzanni 8:39, da Bulus kansa da aka ɗauke shi zuwa sama ta uku a 2 Korantiyawa 12. Ina kambin ganye, ina kyautai, ina jawabin maraba? Babu ko ɗaya. Wani malami a Amurka, Michael Cosby, ya yi rubutu a 1994 a kan wannan, kuma shi ba ma ɗan koyarwarmu ba ne, ya shiga binciken yana so ya tabbatar da maganar Peterson ya fito yana cewa yawancin alamomin tarbar ba su cikin ayar. Sannan 1 Tasalonikawa 1:10 ta ce Yesu mai cetonmu ne daga fushi mai zuwa, 5:9 ta ce Allah bai ƙaddara mu ga fushi ba. Wasiƙa ɗaya ce fa. In za mu hau mu sauko a minti ɗaya to hawan na mene ne?

Markus:
Rabaran wannan tambayar taka ta ƙarshe an yi ta tun da daɗewa. Yohanna Chrysostom, wanda ya rasu a 407, haifaffen Antakiya ne Helenanci harshen uwarsa, a wa'azinsa kan wannan ayar ya tambaya, in dai saukowa zai yi me ya sa za a ɗauke mu? Ya amsa da cewa don girmamawa ne, ya ce in sarki na shigowa birni masu daraja su ke fita taryensa, masu laifi kuwa a ciki suke zama suna jiran alƙali. Bai karanta Peterson ba, kunnensa ne ya ji haka. Mu a Katolika dama ba mu da koyarwar fyaucewa ta ɓoye, zuwa ɗaya muka sani, zai sake dawowa cikin ɗaukaka ya yi wa rayayyu da matattu shari'a. Af, kuma bikin da muke yi ranar 2 ga Fabrairu na miƙa Yesu a Haikali, Helenawa Ipapanti suke ce masa, daga saiwar nan ne, wato ranar da tsoho Saminu ya tari jaririn.

Malam Dauda:
Haka ne Markus. Kuma wani malami, Robert Gundry, ya mayar wa Cosby martani a 1996, hujjarsa ita ce ba dole Bulus ya jera kowane abu ba kafin mai karatu ya gane hoton, kuma mutum ba shi da fiffike, in tarbar a sararin sama ce dole a ɗaga shi. Akwai kuma hanya ta uku da ba wanda ya taɓo a nan. Fitowa 19. Ubangiji ya sauko kan Sina'i, ga gajimare, ga ƙarar ƙaho, Musa kuma ya fito da jama'a daga zango eis sunantesin, don su taryi Allah. Sauko, gajimare, ƙaho, tarya, duk huɗun suna cikin 1 Tasalonikawa 4:16-17. Bulus Bafarisiye ne, Attaura ce a kansa, zai yiwu shi Sina'i yake gani, su kuma Tasalonikawa da suka fito daga bautar gumaka suna ganin ƙofar birninsu. Ba sai ɗaya ta kori ɗaya ba.

Haruna:
Ni dai abin da na sani koyarwar nan ta tafiya shekara bakwai ba ta kai shekara 200 ba. John Nelson Darby ne ya tsara ta wajen 1830, Scofield ya sa ta a ƙasan shafukan Baibul ɗinsa a 1909, mishan suka taho mana da ita a akwati muka ɗauka daga Bulus ta zo. Duk wanda ya yarda da ita bai karanta tarihi ba

Dattijo Bitrus:
Haruna a gyara harshe. Iyayenka na cikin gidan nan, kuma waɗanda suka kawo maka Littafin da kake kafa hujja da shi ba jahilai ba ne. A yi muhawara a kan aya, kar a taɓa mutum. Wannan gargaɗi na farko.

Haruna:
Ku gafarce ni Baba. Amma shekarun da na faɗa dai haka suke

Fasto Ishaya:
Na yafe ɗana. Shekarun haka suke, ban musa ba. Amma tsufan magana ba shi ne gaskiyarta ba, in don tsufa ne ai da ba a yi gyaran ikilisiya a 1517 ba (Markus yi haƙuri). Kuma kalmar fyaucewa ba Darby ya ƙago ta ba, fassarar Latin ta sa rapiemur, wato “za a fyauce mu”, tun wajen shekara ta 400, daga nan Turanci ya samo tasa. Ɗaukewa tana cikin ayar, kowa a nan ya yarda, gardamarmu lokaci ne da inda aka nufa.

Markus:
Ba komai Rabaran, wannan muhawarar wata rana ce 😄

Rahila:
Wani abu na lura yanzu da nake duba na waya mai nuna Helenanci. Aya ta 16 ta ce zai sauko daga ouranos, ta 17 ta ce za mu tarye shi a aer. Ashe kalma biyu ce, mu a Hausa duk sama muke ji

Malam Dauda:
Daidai. Ouranos can inda kursiyi yake, aer kuma wannan sararin da tsuntsu ke tashi, inda hadari ke haɗuwa, tsakanin can da nan. Shi ne a Afisawa 2:2 aka kira Shaiɗan mai mulkin ikon sararin sama. Wato wurin haɗuwar a kan hanya yake, ba masauki ba ne, kuma Bulus ya bar mu a nan ya ajiye alƙalami. Dalili kuwa ba taswirar tafiya aka tambaye shi ba. Ku koma aya ta 13. Ikilisiyar nan ba ta fi 'yan watanni da kafuwa ba, an kori Bulus da dare zuwa Biriya bai gama koyar da su ba, yana Koranti wajen shekara ta 50 ko 51 Timoti ya kawo masa labarinsu. Wasu a cikinsu sun mutu, na rayen suna tsoron waɗanda aka binne sun yi asarar ranar, ba za su kasance cikin masu tarya ba. Amsar Bulus ita ce mu da muke raye ba za mu riga su ba ko kaɗan, su ne ma za su fara tashi, sa'an nan a ɗauke mu tare da su. “Tare da su” ɗin nan ya fi apantesis nauyi a wurinsa, har kalmomi biyu ya jera, hama sun, a lokaci ɗaya kuma tare.

Mama Saratu:
Wannan ayar aka karanta ranar da muka binne Baban su. Ni ban damu ko sama za a yi ko ƙasa ba, ni dai a ce yana cikin layin

Yakubu:
Allah ya ƙara ta'azantar da ke Mama. Malam to in na fahimta, mai bidiyon ya yi gaskiya rabi kenan?

Malam Dauda:
Ya yi gaskiya da ya ce ana amfani da kalmar a tarbar manya, ya zarce da ya ce ba ta da wata ma'ana sai wannan. Kalma na tafiya da zamani ma, in ka je Atina yau ka ce apantisi, “amsa” za su ji, kamar amsar tambaya. Wanda zai ce ƙasa za a sauko sai ya haɗa da Ayyukan Manzanni 1:11 da Matiyu 24:29-31 da Wahayin Yahaya 21:2-3, ni nan nake. Wanda zai ce sama za a wuce sai ya kawo Yahaya 14 da makonni saba'in na Daniyel 9. Ba a cikin ƙamus za a raba su ba.

Haruna:
To Baba Fasto 2 Tasalonikawa 2:1-3 fa? Bulus ya haɗa zuwan Ubangiji da tattaruwarmu gare shi a jimla ɗaya, ya ce ranar ba za ta zo ba sai an yi tawaye mutumin mugunta ya bayyana. In an riga an kwashe su tun kafin nan me zai sa ya ba su alamar da ba za su gani ba

Fasto Ishaya:
Karanta zuwa aya ta 7 ɗana, kar ka tsaya a ta 3. Akwai mai hanawa, kuma sai an kawar da shi tukuna mugun zai bayyana. Wane ne mai hanawan? Ni na ce Ruhu Mai Tsarki ne a cikin ikilisiya, kai kuma sai ka gaya mini naka. Sannan “ranar Ubangiji” da ke aya ta 2 ba lallai ita ce tattaruwar aya ta 1 ba, mutanen sun firgita ne don an ce musu ranar ta riga ta zo, to in dama sun san za su shiga ƙuncin ƙarshen zamani me zai firgita su?

Rahila:
Malam Dauda “mai hanawa” ɗin nan da Helenanci namiji ne ko abu ne? don na ga aya ta 6 da ta 7 ba iri ɗaya aka rubuta ba

Malam Dauda:
Duka biyu. A ta 6 to katechon, abu, a ta 7 ho katechon, mutum. Tertullian, wani malamin ikilisiyar farko, da Chrysostom daular Roma suka ce. Wannan a buɗe masa nasa zaren dabam don Allah, cajina saura kashi huɗu kuma ba wuta tun jiya.